Doka ta Bakwai

Tana tsakiyar raba takardun jarrabawa wayar ta sake karkarwa a cikin jakarta. Tun a bakin ƙofa ta kashe mata murya, amma wayar ba ta san kunya ba, sai gurnani take yi a kan tebur kamar kyanwar da aka rufe a kwali. Ɗalibai biyu na sahun gaba suka ɗago kai.

"Idonku a kan takarda," in ji Malama. "Ba ku ake kira ba."

Ita ma ba kiranta ake yi ba. Zaginta ake yi, cikin ladabi, a rubuce, ga sallama a sama ga godiya a ƙasa. Ba sai ta duba ba, yau kwana bakwai ke nan ana abu ɗaya.

A nan kwalejin ita malamar kwamfuta ce kawai, mai yawo da tulin takardu a hammata. Amma akwai wasu mutum tamanin da 'yan kai, warwatse a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, da ke kiranta Shugaba. Su ne 'yan sa-kai na manhajar Kati, wadda ƙananan asibitoci ke saukewa kyauta su ajiye bayanan marasa lafiya, ta kuma tura wa mutum saƙo ranar da zai koma ganin likita. Ba ofis, ba mota, ba albashi. Duk shekara biyu a jefa ƙuri'a a ɗora wa wani kaya, sannan kowa ya ja kujera ya zauna kallon yadda zai ɗauka. Bara ita aka ɗora wa.

Wurin haɗuwarsu ɗaya ne, wani akwatin wasiƙa na kowa da kowa da suke kira zaure. Ka aika saƙo ɗaya, mutum tamanin su samu. A can ake gardama, a can ake shiryawa, a can kuma Shugaba ke aika wasiƙar ƙarshen wata mai taken "Daga Teburin Shugaba". Wane tebur? A kan teburin guga take rubuta ta, ko a tsaye cikin bas da babban yatsa ɗaya.

Da aka tashi jarrabawa ta shige ɗakin malamai, ta zauna kusa da fankar da ba ta juyawa, ta buɗe wayar. Saƙo talatin da ɗaya. Na sama na Dogo ne. Ba ta taɓa ganin Dogo ba, ƙila ma gajere ne, amma shekara shida tana shan rubutunsa.

"Jama'a, barkanmu da aiki. Ina tunatar da Shugaba cewa yau kwana bakwai da ta karɓe wa Baba mabuɗin rumbu. Doka ta bakwai ta ce a faɗi dalili a zaure kafin ƙarfe shida na yammacin yau. Dattijon nan ya yi tambaya har sau uku ba a tanka masa ba. Ko a gidanmu ba a yi wa babba haka. Na gode."

Rumbu shi ne inda ake ajiye asalin rubutun manhajar, kuma mutum biyar ne kaɗai ke da mabuɗin saka gyara a ciki. Baba shi ya gina rumbun da hannunsa shekara goma sha huɗu da suka wuce, bayan ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urorin asibiti. Shi ya rubuta dokokin ƙungiyar guda goma sha biyu. Shi ya koya wa rabin mutanen zauren nan aiki, har da ita, lokacin da ba ta iya komai ba sai danna maɓalli ta ce ga inda ya lalace. Tun a wancan zamanin ya sa mata Mai Gwaji.

Ta gangara ƙasa ta sake duba tambayar Baba. Ranar Litinin: "Salam. Mabuɗina ba ya aiki. Ko akwai wanda ya san dalili?" Ranar Laraba, kalma da kalma, har da inda ya sa aya. Ranar Alhamis ma haka. Zaure ya ɗauka fushi ne irin na manya, maimaita tambaya har sai an ji kunya. Ita kaɗai ta san duk ranar da ya rubuta, a wajensa ranar ce ta farko.

Wayar ta yi ƙara. Injiniya ne, mataimakinta.

"Shugaba, wai me ake ciki ne? Layi biyu fa ya isa. Ki ce ya yi kuskure, shi ke nan."

"Wa aka taɓa karɓe wa mabuɗi don kuskure? Kai sau nawa ka yi?"

"To ki ce shi ya nemi hutu."

"Yana zauren yana cewa bai san dalili ba, in ce shi ya nema?"

Injiniya ya ja dogon tsaki. "To ni ki faɗa mini mana. Ni kaɗai. Wallahi ba zai fita ba."

"Ba zan iya ba."

"Kin san dai abin da zai biyo baya. Baba ya shigar da ƙara, mutum goma su mara masa baya, a jefa ƙuri'ar tsige ki. Goma? Dogo ya tara ashirin tun jiya. Kuma ya ce in ya hau, aikinsa na farko ya mayar wa Baba mabuɗinsa. Ni na tsaya miki bara. Yau ko matata ta tambaye ni me kika yi, ban da amsa."

"Na sani, Injiniya. Ka yi haƙuri."

Ta kashe wayar. Idonta ya ciko, ta yi kamar tana neman wani abu a jaka har malamin lissafi ya gama haɗa shayinsa ya fita.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta hau bas mai zuwa unguwar su Baba. Ta samu kujera a baya, kan taya, inda kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayan mutum. Ta zuge aljihun cikin jaka ta ciro wata takarda da aka yago daga littafin rubutu, ta yi laushi don yawan ninkewa. Wata takwas da suka wuce Baba ya danƙa mata ita a ƙofar gidansa, ya ce kada ta buɗe sai ta je gida.

"Mai Gwaji, likita ya faɗa mini abin da na daɗe ina zargi. Kaina ya fara zuba. Ranar da kika ga na fara ɓata aiki, ki karɓe mabuɗin, kada ki tsaya jin ta bakina. Amma don Allah kada ki faɗa wa zaure dalili. Ina so su riƙe ni yadda suka san ni."

Ta so ranar ta yi nisa, amma ina! Wata biyar bayan nan ya dawo da wani tsohon gyara na ranakun awon ciki, wanda shi da kansa ya cire shekarun baya saboda yana rikita kwanan wata. Ta gani kafin a saki sabon zubin manhajar, ta cire shiru. Ya sake saka shi, da bayani iri ɗaya, ta sake cirewa. Na uku ya kuɓuce mata, makon da ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Asibitoci huɗu suka tura wa mata masu juna biyu ranar da ba ita ba. Wata unguwarzoma ta rubuto cewa mata goma sha ɗaya sun zo daga nesa ranar da ba likita, ɗaya ma a kan babur da cikin wata tara. A wasiƙar ƙarshen wata Malama ta ce kuskure ne daga ɓangaren shugabanci, ta ba da haƙuri. Washegari ta karɓe mabuɗin.

In ta ce kuskure ne dalili, za su tambaya wanne. Su buɗe tarihin rumbu, su ga gyara ɗaya sau uku daga hannun mutumin da shekara goma sha huɗu bai taɓa saka waƙafi a inda ba nasa ba. Mutanen nan ba sakarkaru ba ne, aikinsu ke nan gano abin da ke maimaita kansa. Don haka ta taho neman abu ɗaya, Baba ya sake ta daga alkawarin nan, ko ya bar ta ta faɗi rabi.

Autar Baba ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk kumfar wanki. Ita ce ta bar aikinta na ɗinki ta dawo gida tun da abin ya fara.

"Anti, gara da kika zo. Tun safe yake gaban kwamfuta, ko shayi bai sha ba."

Malama ta nuna mata takardar. "Auta, so nake in nuna masa wannan."

Yarinyar ta goge hannu a zani, ta jawo ƙofar falo ta rufe. "Don girman Allah, Anti, kada ki yi. Ya bar mini irinta. Sau biyu na nuna masa. Ya karanta, ya gane rubutunsa, ya tambaye ni da gaske ne. Sai ya zauna a bakin gado yana kuka kamar an aiko masa da mutuwa. Awa biyu a haka. Da yamma ya manta, ya ce me ya sa idona ya kumbura. Duk nunawa sabon labari ne a wajensa. Ni ba zan ƙara ba."

Malama ta ninke takardar ta mayar aljihu. Abin da ta hau bas dominsa ya mutu ke nan a tsakar gida, ko zama ba ta yi ba.

Ɗakin Baba yana nan yadda ta san shi. Tsohuwar kwamfuta mai ƙaton allo, akwatin sukurori a kan taga, kalandar da Auta ke soke wa rana kowace safiya da jan biro. Yana zaune da tabarau a kan hanci, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya juyo, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"A'a! Mai Gwaji! Ke ce a gari? Shigo, shigo. Ya karatu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Shekara tara da gama karatunta.

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi, rai ne ba daɗi. Kin ga abin da Shugaba ta yi mini?" Ya buga allon da yatsa. "Ta kulle ni waje. Ni! Ba sallama, ba dalili. Wace ce ma wannan Shugabar? Kin san ta?"

Duk saƙon Shugaba daga adireshin kujera yake fita, ba suna, ba hoto, "Shugaba" kawai. Baba ne ya kafa haka tun farko, wai don kada wani ya ɗauka gadon gidansu ne. Shi ya tsayar da ita takara bara, shi ya fara yi mata barka. Duk wannan ya zube.

"Na san ta, Baba," ta ce a hankali.

"To ba ta kyauta ba. Wannan yaron, Dogo, ya kira ya ce yau ne wa'adi, in shigar da ƙara. Ga shi na rubuta, yanzu zan aika. Duba mini, idonki ya fi nawa."

Ta jawo kujera ta karanta. Wayyo. Sallama sau huɗu. "Mabuɗina ba ya aiki" a farko, a tsakiya, a ƙarshe. Ya yi wa wani abokin aikinsa da ya rasu shekara uku da suka wuce magana kamar yana zauren. Ya sa kwanan watan shekarar da aka kafa ƙungiya. A wani wuri jimla ta tsaya a tsakiya, sai ga jerin magungunansa na safe.

Ta daɗe tana kallon allon. Abin da ya zo mata a rai bai yi mata daɗi ba, amma ya zo, kuma ya zauna. Ba sai ta yi komai ba. Ta ce masa ya yi kyau, ya danna maɓalli. Cikin minti biyar mutum tamanin za su gane komai, ba tare da ta buɗe baki ba. Dogo ya haɗiye ashirin ɗinsa, Injiniya ya kira yana ba da haƙuri, kujerarta ta tsaya daram. Alkawari kuma ba ita ta karya ba. Sannan zaure ya cika da "Allah sarki Baba", a riƙa yi masa magana a hankali kamar yaro, wasu su koma tonon tsofaffin ayyukansa suna neman ranar da abin ya fara.

Hannun Baba yana kan linzamin kwamfutar.

"Ya yi?" ya tambaya. Yadda ya yi tambayar, kamar ɗalibi a gaban malami, shi ya gama da ita.

"Akwai 'yan gyare-gyare, Baba. Ka san na'urar nan tana cin rubutu. Bari mu sake, kai ka faɗa, ni in buga."

"Yawwa! Abin da nake so ke nan."

Ta goge duka. Ya gyara zama, ya cire tabarau, ya rufe ido. Da ta tambaye shi me doka ta bakwai ta ce, sai ga ta ta fito tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu.

"Shugaba ba shi da sirri da jama'arsa. Duk wanda aka karɓe wa mabuɗi, a faɗi dalili a zaure cikin kwana bakwai. In ba a faɗa ba, mai mabuɗin yana da ikon shigar da ƙara, mutum goma su mara masa." Ya buɗe ido. "Kin san me ya sa na rubuta ta? A wurin aikina na da, an taɓa korar mutum da 'yar takarda, har ya mutu bai san laifinsa ba. Na ce a namu ba za a yi haka ba."

"Na sani, Baba. Ka taɓa faɗa mini."

Ta buga. Inda ya maimaita ta ɗauki ɗaya, inda ya ɓace ta jira shi ya dawo, inda bai dawo ba ta cike da irin kalmominsa, don ta haddace su tun tana koyo. Gajerun jimloli, ba zagi, ba roƙo. Da suka zo ƙarshe ya rasa abin rufewa, yana ta murza goshi. Ita ta san inda ya fi ciwo, don kwana bakwai a nan ake soka mata. Ta rubuta: "Ban ce lallai a mayar mini da mabuɗi ba. Na ce a faɗa mini laifina a gaban waɗanda na yi aiki da su. Shugabar da ba za ta iya wannan ba, ba ta cancanci amanarmu ba."

Ta karanta masa daga sama har ƙasa. Ya gyaɗa kai, sannan ya yi wata dariya ta jin daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

"Kai! Haka nake rubutu?"

"Haka kake rubutu, Baba."

"To ashe da saurana." Ya dube ta sosai. "Ke ya kamata su zaɓa, Mai Gwaji, ba waccan ba. Ke kina da kunya."

Ta tura masa linzamin, ya danna da kansa. Agogon allo ya nuna huɗu saura kwata. A cikin jakarta wayar ta yi karkarwa sau ɗaya.

"Wa ke nemanki?"

"Aiki ne, Baba."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ta ji komai. Ta ajiye masa kofin, ta bi Malama har tsakar gida inda wankin ke jiƙe a baho.

"Anti, me kika yi haka? Za su cire ki fa."

"Za su cire ni."

"Kuma su mayar masa da mabuɗin. Sai ya sake ɓata musu, matan nan su sake zuwa a banza. Me aka yi ke nan?"

"Sai in koma gwaji. Mai gwaji yana ganin komai kafin ya fita. Duk abin da ya saka, in bi bayansa in cire."

"Kullum?"

"Kullum."

"Har yaushe, Anti? Ranar da yaronki ya sake kwanciya fa?"

Wayar ta sake karkarwa, ta sake, ta sake. Malama ba ta ciro ta ba, amma tana ƙirgawa a ranta, mutum goma ake nema su mara wa ƙarar baya. Huɗu. Biyar. Wa ya sani, ƙila na shidan Injiniya ne.

Ta zauna a bakin baho ta ciro wayar don rubuta nata, tunda wa'adi bai cika ba kuma shiru ma rashin kunya ne. Ta sa taken da ta saba, "Daga Teburin Shugaba", gwiwarta ce teburin yau. "Jama'a, barkanmu da aiki. Na karanta ƙarar Baba. Duk abin da ya faɗa game da doka gaskiya ne. Ni na karɓe mabuɗin, kuma ba zan faɗi dalili ba, yau ko gobe. A jefa ƙuri'a." Ta duba ko akwai abin ƙarawa, ta ga babu. Shekara guda tana rubuta musu shafi uku-uku duk wata, ba mai amsawa sai mutum biyu. Wannan mai layi huɗun kowa zai karanta. Ta aika.

Ta miƙe ta saɓa jaka. Tana sa takalmi muryar Baba ta fito ta taga, da ƙarfinta, irin ta da.

"Mai Gwaji! Ba ki tafi ba ko?"

"Ina nan, Baba."

"In sun buɗe mini, ki zo da wuri. Akwai wani gyara da nake so in saka."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Wane gyara, Baba?"

"Na ranakun awon ciki. Na lura duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gyara shi."

Auta ta juya ta tsoma hannu cikin wankin. A jaka wayar ta yi ta tara, ta yi ta goma.

"To, Baba," in ji Malama. "Zan zo."